Sallamar Sodangi a Ɗakin Ƙuri'a

A Ƙofar Rini, in ka ce kana neman Sodangi sai a tambaye ka wanne, domin su uku ne. In ka ce Sodangi Mai-sallama kuwa, ko akuyar unguwa ta kai ka ƙofar gidansa. Mai awon hatsi ne a babbar kasuwar Sakkwato, sana'ar da ya tarar ubansa na yi. Gajere ne, mai ɗan gemu da yake shafawa kafin ya yi magana, in ya gama kuma ya sake shafa shi kamar yana ba shi haƙuri. Mudunsa a cike yake auna shi har da tozo, ya ƙara gyara a kai, shi ya sa bai taɓa yin arziki ba, bai kuma taɓa rasa mai gaishe shi a hanya ba.

Laƙabin nan ɗabi'a guda ce ta jawo masa shi. Tun yana makarantar allo malaminsu ya gaya musu cewa mutum ba ya shiga ɗakin wani sai ya yi sallama an amsa masa, in ya yi sau uku ba a amsa ba ya juya. Sauran yara suka ji, kowa ya ɗebi abin da zai iya ɗauka. Sodangi ya kwashe maganar gaba ɗaya ya zuba a ƙirji, bai zubar da ko ƙwaya ba. In ɗakin nasa ne kuma babu kowa a ciki, sai ya yi wa kansa sallama a hankali ya shiga, yadda malamai suka koyar. In na wani ne kuwa, to sai mai shi ya ce bismilla.

Shekarar da wuta ta kama madafin Na'Allah mahauci, wanda yake taubashinsa ne kuma maƙwabcinsa, mata suna ta kururuwa a cikin gida, maza suna ta kutsawa da tuluna. Sodangi ya iso da ƙwarya cike da ruwa, ya ja ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Salamu alaikum." Wa zai ji shi? Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Daga nan sai ya tsaya a waje yana karɓar tulu daga masu kawowa yana miƙa wa masu shiga, har wutar ta mutu. Ruwansa ya shiga gidan, shi bai shiga ba. Na'Allah bai taɓa barin zancen nan ya huce ba. Ko'ina suka haɗu sai ya ce wa jama'a, "Ran da nim mutu kar a kira Sodangi. Tsayawa za shi yi bakin kabari shina jiran in amsa."

Matarsa Iyatu daddawa take yi, kuma bakinta ya fi daddawar tata ƙarfi. Ba ta fita, amma babu abin da ke faruwa a gari da bai iso ta ba, rabi ta kan katanga daga matar Na'Allah, rabi daga rediyon wani maƙwabci da ba ya iya rage murya. Ita ta fara gaya wa mijinta, a shekarar 1959, cewa za a yi zaɓen waɗanda za su je Ikko, babban birnin ƙasa, su karɓi mulki daga hannun Turawa, kuma an ce duk namiji baligi ya je a rubuta sunansa.

Maganar ta shiga Sodangi fiye da yadda kowa ya zata. Shekararsa hamsin ba kaɗan, kuma a iya saninsa hukuma ta ƙidaya shi, ta yi masa lamba a dantse lokacin agana, ta aiko an duba mudunsa ko yana da rami a gindi, amma ba ta taɓa tambayarsa me ya gani ba. Yau ga shi an ce ra'ayinsa ake nema. Ya je aka rubuta shi, ya dawo da ɗan katinsa a cikin hula.

Iyatu ta karɓi katin ta juya shi gaba da baya, ko da yake ita da shi babu mai karanta boko.

"Mu mata an ce mu zauna mu ga yadda za ku yi," in ji ta. "To Malam, ka ji da kyau. Ƙuri'ag ga rabi tawa ta. Shekara ashirin da bakwai ni ka dahwa maka abin da kaka ci ka iya tsayuwa layi."

"Gaskiya ta," in ji Sodangi, ya shafa gemu. "In Allah ya kai mu, da hannuna za ni saka ta, tawa da taki. Na yi alkawari."

Ta naɗe katin a tsumma ta jefa cikin kwanon jerenta na can ƙasa, inda ko ɓera sai da izini.

Masu neman ƙuri'a suka fara zarya a kasuwa. Jam'iyyu uku ne suka aiko mutanensu rumfar Sodangi, kowanne a ranarsa. Kowa ya zo sai ya shimfiɗa masa buzu, ya saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Kowanne ya tashi yana murna ya samu mutum. Mai unguwa kuma ya tara maza a gindin dogon yaro, ya jera ƙore uku a ƙasa, ya nuna musu yadda ake jefa takarda a cikin guda ɗaya tak. Sodangi ya gwada da ganye, ya yi daidai, har aka yaba masa. Babu wanda ya lura cewa gindin bishiya ba shi da ƙofa.

Ana saura kwana uku mai unguwa ya sa aka bi gida-gida neman abin da za a kewaye wurin zaɓe da shi a filin makarantar elementare. Sodangi ya ba da buhu biyu. Iyatu ta ce a kwance zana biyu daga inda take shanya kalwa, da sharaɗin a dawo mata da su yadda aka ɗauka. Na'Allah ya ba da itatuwan tsohuwar rumfarsa, ya kuma tabbatar kowa ya ji ya bayar.

Ranar Asabar da hantsi Sodangi ya sa rigarsa ta saƙi da yake zuwa Juma'a da ita, ya shiga layi. A bakin filin Illo ɗan doka yake tsaye da kulki, yana duba yatsun mutane. A teburi Malam Junaidu ne, malamin makarantar, saurayi mai tabarau wanda aka damƙa wa aikin wurin tare da wani ɗan littafin dokoki da ya haddace kamar zai ba da hadda. Gefe guda a kan benci wakilan jam'iyyun nan uku ne, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Can a kusurwa kuma ga ɗan ɗakin zana da labule.

Layi ya kawo kan Sodangi. Malam Junaidu ya nemo sunansa ya ja layi a kai, ya dangwala masa babban yatsa a tawada, ya miƙa masa takarda.

"Baba, ga ɗaki can. Kai kaɗai za ka shiga. Akwai akwati uku, kowane da alamarshi. Ka saka inda ranka ya so, ka hito."

Sodangi ya karɓa da hannu biyu. Ya taka har bakin labule, ya tuɓe takalmansa ya jera su, ya sunkuyar da kai ƙasa yadda ake yi a ƙofar manya.

"Salamu alaikum."

Shiru. Wani a layi ya yi tari irin na mai danne dariya. Na'Allah, wanda ke mutum na huɗu a baya, ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, yau a nan za mu yi azahar."

"Baba," in ji Malam Junaidu daga teburi, "babu kowa ciki. Haka doka tac ce. Shiga kawai."

Sodangi ya waiwayo. "Ɗakinka na, Malam Junaidu?"

Da malamin nan ya ce e, da zance ya ƙare a nan. Amma shi ma a gidansu ba a koya masa ƙarya ba. Ya gyara tabarau ya ce, "A'a Baba, ba nawa ba na. Na Gwamnati na."

"To bari Gwamnati ta amsa." Ya juya. "Salamu alaikum."

"Malam, bari in zagaya baya in amsa mashi," in ji Na'Allah. "Na iya muryar Gwamnati." Ya toshe hanci ya fara gwadawa, layi ya kece da dariya. Wakilan nan uku suka miƙe a tare suna cewa ba su yarda kowa ya kusanci zanar nan ba. Malam Junaidu ya buɗe littafinsa ya karanto inda aka hana.

Illo ya matso yana buga kulki a tafin hannu. "Sodangi, ni ɗan doka na. Na ce ka shiga."

"Illo, tsaro anka ba ka. Ba a ba ka ɗakin ba."

Illo ya sauke kulkinsa ya koma bakin fili.

Sodangi ya yi ta uku, ya ɗan ɗaga murya don kada a ce ba a ji ba. Ya jira gwargwadon yadda mutum zai ɗaura zane ya fito. Labule bai motsa ba. Sai ya sa takalmansa, ya dawo teburi ya ajiye takardar a gaban Malam Junaidu, da hannu biyu kamar yadda ya karɓa.

Malam Junaidu ya bi littafinsa daga bango zuwa bango. Akwai abin da za a yi wa wanda ya yaga takarda, da makaho, da wanda ya zo sau biyu. Babu ko layi ɗaya a kan wanda ya yi sallama ba a amsa ba. Sai ya ɗaga kwalbar tawada ya danne takardar da ita.

"Baba, tana nan. Amma ka sani, da yamma in lokaci ya cika za mu ɗaure akwatuna. Daga nan ko wa yaz zo ba a buɗewa."

Sodangi bai iya nufar gida ba, sai ya wuce kasuwa ya zauna a rumfarsa. Nan ma bai tsira ba. Duk wanda ya zo awo ya ga baƙin yatsa sai ya ce, "A'a, Sodangi, an sauke nauyi!" Shi kuma ba ya iya yin shiru a kan abin da ba haka yake ba, don haka sai ya ajiye mudu ya ba da labari tun daga tuɓe takalmi. Kafin la'asar ya faɗa sau goma sha wani abu, kuma kowane faɗi sai ya ji alkawarin nan da ya yi wa Iyatu ya ƙara nauyi a wuyansa. Tambaya ɗaya tak ƙasa ta yi masa a tsawon ransa, ga shi zai kwana bai amsa ba.

Bayan la'asar ya ja ƙafa zuwa gida. Ya tsaya a zaure ya yi sallama. Yana jin motsin Iyatu a tsakar gida, amma ba ta amsa ba. Ya yi ta biyu, ta ci gaba da tsince kalwarta. Sai da ya yi ta uku har ya fara juyawa sannan ta ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, kar a ce ni ma Gwamnati ta."

Labari ya riga shi tsallake katanga.

Ya zauna a kan turmi ya fara bayani. Ta bar shi ya kai ƙarshe, abin da ba ta saba ba.

"Malam, tambaya nika yi. Ɗakin nan da mi anka kewaye shi?"

"Da zana."

"Zanar wa?"

Ya kai hannu gemu, hannun ya tsaya a hanya.

"Dubi can," ta nuna masa inda take shanya, wurin ya zama fili, kajin maƙwabta suna ta shiga da fita. "Kwana ukku kaji na cin kalwata sabadda ɗakin ga. Labulen ƙofa kuma mi na?"

"Ban duba ba. Kaina na ƙasa."

"Matar Na'Allah ta ce buhu na. Buhun wa kab ba mai unguwa? Itacen na Na'Allah na, duk gari ya ji. Bature ko an ce kayanshi shika ɗaurewa, gida za shi. To wa kaka jira shi amsa maka? Mai ɗaki na tsaye waje ba takalmi shina ta sallama, wa ar rage ciki?"

"Ai Iyatu, ko da haka na, ba nawa ba na ni kaɗai. Na jama'a na."

"Zauren gidan ubanku ku nawa ad da shi?"

"Mu bakwai."

"In ka tahi ka ishe ba kowa, tsayawa kaka yi sai shida sun zo sun amsa?"

Sodangi ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, kamar mai neman tsakuwa a cikin gero, bai samu ba. Iyatu ta dubi inuwar katanga da ta riga ta haye rabin tsakar gida.

"In ba ka zuwa, je ka karɓo min rabina. Ni in saka mayahi in tahi da kaina, in ga ɗan dokan da za shi tare ni."

Tsofaffin Ƙofar Rini sun daɗe suna ba da labarin ranar da suka ga Sodangi yana gudu. Ya tattare rigar saƙi a kafaɗa, hula a hannu, yana wuce mutane yana jefa musu gaisuwa ba ya jiran amsa. Ya iso filin makaranta rana ta yi ja, layi ya ƙare, Malam Junaidu yana ta duban agogo.

Illo ya gitta kulki a ƙofa. "Nuna yatsa." Ya duba. "Mai tawada ba shi komawa. Haka anka ce min, ban ƙara ba ban rage ba."

"Haba Illo, gabanka anka yi komi!"

"Ni yatsa anka ce in duba."

Na'Allah yana nan kusa, domin tun da ya jefa tasa ya kafa tukubar tsire a bakin filin, wai kada taro ya tashi a banza. Ya taso da wuƙa a hannu yana share ta a gaban riga.

"Kai Illo, ji tsoron Allah. Mutumin da ko ran gobara bai shiga gidana ba don ba a amsa mashi ba, shi na za shi saci ƙuri'a? Sallama ukku yay yi, duk mun ƙirga. In akwai wanda yag ga ƙahwatai ta wuce labule, shi hito."

Sai ga wakilan jam'iyyu sun taso daga benci. Na farko ya tuna an ce masa Allah shi ba da sa'a, ya ce lallai a bar dattijo ya shiga. Na biyu ya tuna an ce masa haka, ya ce zalunci ne a hana shi. Na uku ya fi su ɗaga murya. Tun safe wannan ne abu na biyu kacal da bakinsu ya zo ɗaya a kai, har su kansu suka dubi juna da zargi. Malam Junaidu ya ce tun da wakilai sun yarda, kuma takarda ba ta bar teburi ba, shi bai ga inda littafi ya hana ba. Ya ɗaga kwalba. Gindinta ya bar wa takardar zobe baƙi, amma tana nan lafiya.

Sodangi ya karɓa. Ya je bakin ɗakin ya tuɓe takalmi, wannan karon ya ɗaga kai. Ga buhunsa yana rataye, da zane uku na shuni da yake yi wa kayansa, da facin da Iyatu ta yi masa a kusurwa da baƙin zare. Ya ɗan taɓa facin. Sannan ya yi sallamar da mutum ke yi wa kansa in ya dawo ɗakinsa ya tarar babu kowa, a hankali, ya ɗaga labule ya shiga.

Ya daɗe a ciki. Ana jin ƙus-ƙus ɗin muryarsa ba a jin abin da yake faɗa. Na'Allah ya rantse har ya mutu cewa haƙuri yake ba akwatuna biyun da bai zaɓa ba. Da ya fito hannunsa babu komai. Maimakon ya sa takalmi, sai ya tsaya yana duban wata igiya da ta kwance a jikin zanar, ya durƙusa ya ɗaure ta tamau, ya tsince ɓawon gyaɗar da aka zubar a bakin ƙofa.

"Baba, yanzu za a kwance shi," in ji Malam Junaidu.

"Ko da hakan," in ji Sodangi.

Daga ranar nan unguwa ta shiga wani sabon hali da shi. Kwata ta toshe a bakin hanya, sai a gan shi da fartanya yana cewa tamu ta. Bakin rijiyar kasuwa ya zube, ya je ofis sau biyar, kullum da sallamarsa uku, har akawu ya gane gyaran rijiya ya fi sauƙi. Da aka zo bikin samun mulkin kai a shekarar da ta biyo, kowa ya tafi da sabuwar riga, shi ya tafi da tsintsiya a hammata don bayan an watse. Na'Allah ya ce, "Ɗaki guda Iyatu tab ba shi, ya haɗa da Najeriya duka."

Iyatu ta samu zanarta, ɗaya ta yage a gefe, kuma mai unguwa ya ji bayani a kan haka. Abin da ba ta samu ba shi ne sunan akwatin. Ta tambaya da lallashi, ta tambaya da tuwo mai man shanu, ta tambaya da faɗa. Ya ce doka ta ce asiri ne. Ta ce to ya gaya mata rabi, ai rabin nata ne. Ya ce a haɗe ya jefa su, bai san ta inda zai raba ba.

Sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin a ce mata ma su fito. Lokacin gemun Sodangi ya yi fari fat, yana dogara sanda, amma ya ce shi zai raka ta. Ya tsaya daga nesa inda aka ce maza su tsaya. Yana kallo Iyatu ta karɓi takardarta, ta nufi ɗakin da takalmanta a ƙafa, ta bankaɗe labule ta shige ko tari ba ta yi ba.

Abin ya fi ƙarfinsa. Ya ɗaga murya daga inda yake, a madadinta, ya ce, "Salamu alaikum!"

Daga cikin ɗakin aka ce, "Wa alaikumus salam, Malam. Jira ni nan, ina zuwa."